Kada a Tashe Shi

Penmarrow, Cornwall
Fabrairu, 1908

Zuwa ga Miss Sabina Ridsdale, a Tarnwick.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, sai dai iskar teku da ta hana masunta fita, ta kuma sa rabin garin tari.

Ba ki san ni ba. Sunana Ambrose Tregear, kuma idan abin da mahaifiyata ta gaya mini gaskiya ne, ni ɗan'uwanki ne, ko da yake zumuncin ya yi nisa har ya kusa ɓacewa. Ralph, Baron na ƙarshe na Tarnwick, wato mai riƙe da sarautar garin, ya rasu ya bar 'ya'ya mata biyu, Alis da Joan. Ke daga tsatson Alis kika fito, ni kuwa daga na Joan, wadda ta auri wani mai jirgin ruwa ta biyo shi nan kudu, yau kusan shekara ɗari uku. Tun daga lokacin ba abin da muka sani sai kifi da gishiri.

Ina da 'ya guda, Loveday. Tun rasuwar mahaifiyarta take damuna da tambayar su wane ne mu, daga ina muka fito. Shi ya sa na fara rubuta mata tarihin Baron Ralph, sai na tarar ban da sunansa ba ni da komai a hannu. Wane irin mutum ne shi? Kabarinsa yana nan? Duk abin da kika tuna, komai ƙanƙantarsa, zan karɓa da hannu biyu.

Limamin cocinku, wanda na fara rubuta wa, ya ce kin haura tamanin, kuma hunturun bana bai yi miki da sauƙi ba. Ki gafarce ni in tambaya. Kina iya kwanciya a miƙe, ko sai an tara miki matasai? Ƙafafunki suna kumbura da yamma? In kin hau bene numfashi yana yanke miki? Ki ba ni amsa filla-filla, domin abin yana da muhimmanci a wurina.

Naki cikin girmamawa,
Ambrose Tregear


Tarnwick, Northumberland
Maris, 1908

Mista Tregear,

Takardarka ta iso, na kuma gode da gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ina ci ina sha, jiya ma da ƙafata na je coci na dawo. Na san ba wannan labarin kake jira ba, sai ka yi haƙuri.

Shekara ɗari uku ba wanda ya leƙo mu daga gidan Joan, ko da gaisuwar mutuwa. Sai da labari ya gama zagayawa cewa ɗan ƙanena Lionel ya rasu a yaƙin Afirka ta Kudu, na rage ni kaɗai a zuriyar Alis, sannan ga ka da tambayar ƙafafuna. Kada ka ce mini ba ka san dokar ba. Idan Baron irin namu ya mutu ba ɗa namiji, 'ya'yansa mata daidai suke a gaban doka, babu babba babu ƙarama, saboda haka ba a ba kowa sarautar. Sai a ce ta yi barci. Tana nan kwance har ranar da zuriyar ɗaya ta ƙare, sannan ta farka ta faɗa hannun ɗayar. Ranar da na rufe ido kai ne Baron na Tarnwick. Ka ga kuwa dole kumburin ƙafata ya zama mai muhimmanci a wurinka.

Na karanta wa Hannah, mai aikina, tambayoyinka. Cewa ta yi, "Uwar ɗakina, saura tsawonki kawai ya tambaya, da mun gane mai yin akwatin gawa ne." Hannah ta fi ni baki, amma wannan karon na goyi bayanta.

Duk da haka, tunda ka ce don yarinya ne, ba zan hana ta kakanta ba. Ralph shi ne mai tsaron wannan yanki na kan iyaka, a zamanin da mahara ke ƙetaro kogi daga Scotland su kore shanu su cinna wa gidaje wuta. Gajere ne, kunnensa ɗaya, ɗayan ya bar shi a fagen fama. An ce a ƙetaren kogi da sunansa uwaye ke tsorata yara su yi shiru. Ɗansa namiji tilo ruwa ya ci shi a mashigin kogi, shi kuwa yana tsaye a gaɓa yana gani, kuma daga ranar ba a sake jin ya yi dariya ba. Gidansa ya rushe, gonakin sun tafi, ni ma a ɗakunan da ke bisa tsohuwar ƙofar gidan nake zaune. Amma yana nan a cocinmu, an sassaƙa shi da farin dutse yana kwance, ƙafafunsa a kan kare, 'yan matan biyu sun durƙusa a wajen kansa. Tun ina ƙarama nake zama kusa da shi, har yau ban saba ba. In na dubi jijiyoyin da ke bayan hannun dutsen nan sai tsigar jikina ta tashi.

Ka gai da yarinyar. Ita ba ruwanta.

S. Ridsdale


Penmarrow
Afrilu, 1908

Miss Ridsdale,

Ina gaishe ki, ina kuma murna da jin kina zuwa coci da ƙafarki. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, kunya kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni likita ne. Na zuba miki tarihin shekara ɗari uku na manta da wannan. Tambayoyin da na yi miki su nake yi wa kowa, har limaminmu a ƙofar coci. Da na nuna wa Loveday amsarki ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Baba, ai kai ko amarya ka je taya wa murna sai ka ja fatar idonta ka leƙa." Allah ne shaidata ban san wannan doka ba, ban kuma san da rasuwar Lionel ba. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri. Sarauta kuwa, ban san abin da mutum mai warin man kifi irina zai yi da ita ba. Ki gaya wa Hannah ban iya ko buga ƙusa ba.

In ba ki yi fushin da zai hana ki sake amsa mini ba, akwai abu ɗaya da ya daɗe yana ci mini rai. A gidanmu, kowace shekara ranar Waliyyi Martin, cikin Nuwamba, in an jera abincin rana, kafin kowa ya taɓa cokali sai mahaifiyata ta miƙe ta fuskanci arewa. Takan yi shiru na ɗan lokaci, kanta a karkace kamar mai sauraron wani, sannan ta ce, "Kada a tashe shi." Daga nan ta zauna a ci abinci. Haka mahaifiyarta ta yi, haka kakarta. Na taɓa tambayarta wane ne ba za a tasa ba, ta ce, "Oho, haka na tarar, ci abincinka." Mahaifina kan ce kyanwarmu ake nufi. Tun da ta rasu ni nake yi, ina jin kaina kamar wawa, amma na kasa bari.

Ko kin taɓa jin wani abu mai kama da wannan?

Naki,
Ambrose Tregear


Tarnwick
Mayu, 1908

Likita,

Gaisuwa gare ka da Loveday. Lafiyata da sauƙi. Na jinkirta amsa ne don na yi kwanaki in na ɗauki alƙalami sai in ajiye shi, kuma ba tsufa ba ne.

Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Shekarar da Ralph ya rasu, mahara sun taru a ƙetaren kogi suna jiran dama, mayaƙansa kuma an kira su wani wuri can yamma. Tsoronsa kaɗai ya tsare garin. Ranar Waliyyi Martin ita ce ranar da dukan talakawansa ke taruwa a ƙofar zaure, ya fito ya zauna ya saurari ƙararrakinsu. Da safiyar ranar 'yan matan suka shiga suka same shi a kujerarsa, ya riga ya yi sanyi. Alis ba ta kai ashirin ba, Joan kuwa ƙanwarta ce. Sun san cikin taron nan ba a rasa ɗan leƙen asiri, kuma in labarin ya ƙetare kogi kafin mayaƙan su dawo, Tarnwick ta zama toka.

Wakilin gidan, wanda bai san komai ba, ya tsaya a ƙofa ya yi kira sau uku yadda aka saba, "Ina mai Tarnwick?" Alis ta fito ta ce, "Yana barci." Mutane suka fara gunaguni, wani ƙato ya ce shi sai ya shiga ya gani da idonsa. Sai Joan ta tsaya a bakin ƙofar, ƙaramar yarinya, ta dube shi ta ce, "Kada a tashe shi." Kowa ya san halin Ralph in aka katse masa barci, sai taron ya fashe da dariya, ƙaton ya ja da baya. Haka suka yi ta hura wuta a ɗakinsa, suna shiga da abinci suna fitowa da kwanuka wayam. Su ne suke cinyewa, a gaban gawar ubansu, suna kuka ba sauti. Ba su bari an sani ba sai da suka ji kofaton dawakan mutanensu a kan gada.

Bayan haka suka ɓata a kan mai jirgin ruwan nan naku. Alis ta ce in kin tafi kada ki dawo, Joan ta ce to. Dukansu taurin kan ubansu suka ɗebo.

Amma garin bai manta ba. Kowace ranar Waliyyi Martin da tsakar rana ana taruwa a coci, mai kira ya yi kira sau uku, babba a zuriyar Alis ya amsa, "Yana barci." Daga nan sai kowa ya yi tsit, ba mai tari ba mai motsi, na tsawon numfashi biyu ko uku. Wannan shirun wurin Joan ne, an bar mata shi. Na fi shekara hamsin ina faɗin tawa ina sauraron shirun nan, ina ganin haƙƙin matacciya kawai muke saukewa. Ashe duk wannan lokacin ana amsa mini, nisa ne ya hana ni ji. Mahaifiyarka kuma da take karkata kai, ni take sauraro.

Na je na zauna a gaban 'yan matan dutsen nan na gaya musu. Ban ji kunyar kukan da na yi ba.

Ka zo a Nuwamba, kai da yarinyar. Kuma ka daina ce mini Miss, Gwaggo za ka ce. Ƙafafuna suna kumbura da yamma, amma ba ruwanka.

Sabina


Penmarrow
Nuwamba, 1908

Gwaggo,

Mun iso gida lafiya, bayan jirgin ƙasa ya gama jijjiga mana ƙashi daga wannan ƙarshen ƙasar zuwa wancan. Loveday tana gaishe ki, ta ce ki gaya wa Hannah naman tunkiyarta ya fi fuskarta daɗi.

Ke kina gaba kusa da kabarin, ba ki ga abin da na gani ba, shi ya sa nake so in ba ki labari. Da tsoho Cuthbert Dodd, mai kiran, ya ajiye sandarsa ta kiwo ya tsaya a tsakiyar coci, na zaci muryar tsoho zan ji. Sai ga wata murya kamar daga ƙarƙashin duwatsun daɓen take fitowa. "Ina mai Tarnwick?" A kira na uku har gilashin taga na ji yana amsawa. Kika ce, "Yana barci," a sanyaye, kamar mai gaya wa baƙo maigida ba ya nan. Sai shirun ya sauka. Gwaggo, na sha tsayawa a ɗakin da rai ke fita, amma ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Na ga mutane sun sunkuyar da kai, har yara, don kowa ya san yadda abin yake ƙarewa. Na tuna teburinmu da kyanwarmu da mahaifina yana dariya, sannan na buɗe baki na ce, "Kada a tashe shi."

Ba wanda ya juyo nan da nan. Wata mata a gabana ta dafe bencin da hannu biyu. Wani maƙeri, ƙato irin wanda Joan ta tare, ya cusa hularsa a baki. Ke kuwa bayanki kawai nake gani, ya miƙe sambal kamar na budurwa. A waje Cuthbert ya kama hannuna ya ƙi saki, yana cewa, "Likita, kakana ya yi kiran nan, babana ya yi, ba wanda aka taɓa cike wa amsa. Ka tausaya wa tsoho mana, ai sai ka gargaɗe ni." Kin lura haɓar Loveday da ta Joan ta dutse iri ɗaya ce? Ita ta fara gani, ta tsaya tana shafa tata kamar an ba ta aro. Na kuma leƙa kujerar Baron da ke cikin cocin, wadda aka kewaye da katako, ta saman ƙofarta da ke kulle. Shekara ɗari uku ba a zauna a kai ba, amma katakon yana ƙyalli, an ce mini matan garin ke miƙa hannu su goge ta.

Yanzu ga maganar da ba ki so. Na ga leɓunanki, na ji numfashinki a kan matakala. Zuciyarki ta gaji, ruwa yana taruwa a jikinki. Na aiko miki da kwalbar magani tare da wannan takarda, adadin ɗigon yana rubuce a jikinta. Ba zan ɓoye miki ba, daga ganyen dogon furen nan mai kama da ƙararrawa ake yin sa, wanda ke fitowa a bakin shinge, kuma guba ne in ya wuce ƙa'ida. Na san yadda abin zai yi kama, mutumin da mutuwarki za ta ɗaukaka shi ne ya aiko miki da kwalba. Ki nuna wa duk likitan da kika yarda da shi. Ni dai so nake in sake jin muryarki a Nuwamba mai zuwa, ba ni da wata buƙata.

Ɗanki,
Ambrose


Penmarrow
Fabrairu, 1909

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san halin da gaisuwar za ta same ki ba. Mu lafiya, in ban da rashin kwanciyar hankali.

Wata na uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Na rubuta wa limaminku, shi ma shiru. Ko dai kwalbar ce ta ɓata miki rai, kin koma ganina yadda kika fara ganina, ko kuma kin sha ta yi miki illa, ko abin da na kasa rubutawa. In fushi ne, ki zubar da ita a kogi, ki aiko mini da zagi, zan yi murna da shi.

Makon jiya wani mutum ya zo daga Landan, cikin masu bin diddigin asalin manyan gidaje. Ya shimfiɗa mini wata doguwar takarda mai rassa kamar bishiya, ya ɗora yatsa a kan sunanki ya ce, "Wannan reshen ai ya bushe, yallaɓai, iska kaɗan yake jira." Ban san lokacin da na miƙe ba. Loveday ce ta riga ni, ta miƙa masa hularsa ta ce, "Ga iskar nan a waje, malam, je ka ka same ta."

Ya bar mini wata cuta. Ya ce ranar da abin ya faru, a bayan ambulan zan fara gani, domin sunana zai canja. Yanzu duk sanda mai kawo wasiƙu ya ƙwanƙwasa, sai na duba yadda aka rubuta sunana kafin in iya numfashi.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Ambrose


Tarnwick
Maris, 1909

Ɗana Ambrose,

Ka kwantar da hankalinka, reshen bai karye ba tukuna. Ina gaishe ka, ina gai da jarumar 'yarka.

Dusar ƙanƙara ce ta rufe mana hanya tun bayan Kirsimeti, limamin ma a wani ƙauye ta ritsa da shi. Ni kuwa na kwanta, kwanciya ta gaske, a zaune nake barci kamar kaza. Kwalbarka da takardarka ban gan su ba sai a Fabrairu. Hannah ta karanta, don ba a taɓa rufe ambulan da ya gagare ta ba, ta ga kalmar guba, sai ta binne su cikin buhun gari. Ranar da numfashina ya yi tsanani ta zo ta tsaya a kaina da kwalbar, duk ta yi fari fat, tana kuka tana cewa, "Uwar ɗakina, in na ba ki ya kashe ki, ni na kashe ki. In na hana ki kika mutu, nan ma ni ce. Yaya zan yi da raina?"

Ba likitan da za a nuna wa, hanya a toshe. Na karanta takardarka, na daɗe ina juya kwalbar. Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi tunanin abin da Hannah ta yi tunani. Sai na tuna muryarka a coci, yadda ta tsage a tsakiya kamar ta yaro. Na ce mata, "Kawo cokali. Mutanen da suka yi shekara ɗari uku suna cewa kada a tashe shi ba za su zo su tashe shi da kwalba ba." Ta ce, "To in kin mutu kada ki ce ban faɗa ba." Na ce na yi alkawari ba zan ce ba.

Ga shi yau takalmana sun shiga. Jiya na taka har coci, Hannah tana bina da kujera kamar mai bin yaro da ya fara tafiya. Yanzu ita ke ƙirga ɗigon, kuma ta ce in gaya maka ta janye maganar akwatin gawa.

Game da littafinka, na karanta shafukan da ka bar mini. Ka cika yabon Ralph. Jarumi ne, ban musa ba, amma takobi gare shi da mayaƙa. Ka rubuta 'yan matan nan biyu da ba su da komai sai maganganu biyu da kwanon abinci. In na zauna ina duban su sai in ga mu duka, da ni da kai da Lionel da Loveday, daga bakin ƙofar nan muka fito. Abin yana ba ni tsoro, yana kuma yi mini daɗi.

Zan yi ƙoƙari in kai Nuwamba. Ka aiko da wata kwalbar.

Gwaggonka,
Sabina


A bayan ambulan:
Zuwa ga Mai Girma Baron na Tarnwick, Penmarrow, Cornwall

Tarnwick
Oktoba, 1909

Ranka ya daɗe,

Na san ka riga ka duba bayan ambulan, saboda haka ba sai na ba ka labarin lafiyata ba. Da hannuna na rubuta sunan, don ban yarda wani baƙo daga Landan ya riga ni kiranka da shi ba. Hannah za ta kai wannan gidan waya in lokaci ya yi.

Na yi ƙoƙari, Ambrose. Maganinka ya ba ni bazara guda da ban sa rai da ita ba, na ga 'yan raguna, na karanta littafinka har ƙarshe, 'yan matan sun fito yadda nake so. Amma na ji a jikina ba zan kai ranar ba. Ban rubuto maka ba don na san za ka baro marasa lafiyarka ka taho, kuma ba abin da za ka iya. Ga kwalbarka ta ƙarshe na mayar maka, na sha ta bisa ƙa'ida har babu ko ɗigo a ciki. Ka ajiye ta inda za ka riƙa gani, don in wata rana zuciyarka ta fara yi maka tambayar banza, wai ko ban yarda da kai ba.

Ka je ranar Waliyyi Martin. Cuthbert zai yi kira, kuma bana ba mai cewa yana barci, don ya farka. Ka ce, "Ga ni." Ka faɗa da ƙarfi, kada ka yi mini irin muryar bara. Makullin kujerar yana wurin Hannah.

Ban taɓa tsammanin zan ga ƙarshen wannan dogon barci ba, balle in so wanda zai farka a hannunsa. Alis ta ce kada Joan ta dawo. Ni ce ta ƙarshe a gidan Alis, kuma na janye maganar.

Yaya ƙafafunka? Ka ba ni amsa filla-filla, abin yana da muhimmanci a wurina.

Gwaggonka,
Sabina


Tarnwick
Ranar Waliyyi Martin, 1909

Gwaggo,

Ina gaishe ki. A teburinki nake rubutu, Hannah ta kawo mini shayi a kofinki. Loveday tana lafiya.

Cocin ya cika har waje. Cuthbert ya yi kira na farko, na kasa buɗe baki, don na karkata kai ina jiran muryarki. Ya yi na biyu, na ga ashe ba ni kaɗai ba ne, duk cocin wajen zamanki suke kallo. A na uku Loveday ta matse mini hannu, na ce, "Ga ni." Ban sani ba ko ya kai ƙarfin da kike so.

Daga nan aka tsaya cirko-cirko. Cuthbert ya juyo yana murza hularsa, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, daga nan ba a koya mini komai ba." Hannah ce ta ratsa mutane ta sa makulli, ƙofar ta buɗe da ƙara. Na shiga na zauna. Daga kan kujerar nan fuskokin 'yan matan biyu ake gani sosai, ba a ganin ta Ralph. Ban daɗe ba na tashi.

Mutanen Landan sun ce sai an yi dogon bincike kafin a tabbatar mini, su yi ta yi. Abu ɗaya na yi da sarautar, kuma ina jin shi ne kaɗai zan taɓa yi. Na ce wa Cuthbert baɗi ya yi kiransa yadda ya saba, amma kafin in amsa a yi shiru, ba mai tari ba mai motsi, daidai tsawon wanda kuka bar mana. Yanzu mu ne za mu riƙa sauraro.

Kin tambayi ƙafafuna. Ba sa kumbura, Gwaggo, amma yau da ƙyar suka ɗauke ni.

Ɗanki,
Ambrose